Ɗan Jagora

Duk wanda ya san ni a ajinmu ya san ni da lissafi mun yi hannun riga. Tun a sakandare na sallame shi, na tsallako nazarin Hausa ina murna na rabu da ƙaya. Saboda haka na san 'yan'uwana ɗalibai, har ma da malamanmu, za su yi mamakin ganin sunana a kan bayanin da ya shafi madubin hangen taurari. To, a yi mini haƙuri a karanta. Wata kunya ce na sha a gaban jama'a a Tarauni, ita ta komar da ni ga abin da na guda, na kuwa ga gara in ba da labarin da bakina tun kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri.

Gidanmu yana Gyaɗi-Gyaɗi, can ta wajen Titin Kotu. Kakana na wajen uba kuwa, wanda muke kira Baba Tsoho, yana zaune a Tarauni, tafiyar da mai ƙafa ba ya bukatar abin hawa. Baba Tsoho ba wani babban malami ba ne. Manomi ne da ya yi karatun allo da na littattafai daidai gwargwado, amma akwai abu guda da duk unguwar aka sallama masa, watau duban wata. Duk ranar 29 ga wata, da an sallame Magariba, za ka gan shi ya fuskanci yamma ya kafa ido, in jinjiri ya tsaya shi zai fara nuna wa mutane da yatsa. Ya ce mini tun yana saurayi yake wannan, lokacin da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi suke ƙauyuka a bayan birni, gonaki a tsakaninsu, babu bene babu fitilar titi, in dare ya yi sama ta cika da taurari kamar ka miƙa hannu ka ɗebo. A bakinsa na fara jin cewa masaukan wata 28 ne, kowanne yana da kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14, in an haɗa su ba da kwana 365 na shekara. Shi ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta, ya ce ita malamai ke kira Surayya, in ta riƙa gangarawa yamma da almuru har ta ɓace, to manomi ya gyara fartanyarsa. Shi kuma ya nuna mini Zara matar wata.

Ana nan sai yanar ido ta kama shi. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuwa yana ganin haske da inuwar mutum, amma ba ya rarrabe fuska. An yi an yi ya yarda a kai shi asibiti a yi masa aiki, ya ce shi ba mai kai masa wuƙa ido. Duk da haka bai fasa fita ranar 29 ba, sai dai ya zauna a kan buzunsa ya fuskanci yamma yana tambayar yara, "Kun gan shi?" Abin nan yana sosa mini rai ƙwarai, ko da yake tsakanina da shi sai tsokana irin ta jika da kaka, shi ya ce mini ɗan boko, ni in ce masa tsoho mai ran ƙarfe.

Saura kwana biyu a fita duban watan azumin 1446, watau a ƙarshen Fabrairun 2025, sai kawuna mai sayar da kayan gwanjo na ƙasashen waje ya aiko a kira ni. Ya jawo wani dogon kwali daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Wannan a cikin kaya ya zo, an rasa mai tayawa. Kai ne ɗan jami'a, ɗauki ka ga ko yana da amfani. In ba shi da shi a kai wa 'yan gwangwan." Na buɗe, sai ga madubin hangen nesa, irin wanda ban taɓa gani ba sai a hoto. Farin bututu ne mai tsawon kamu ɗaya da rabi, da ƙafafu uku irin na masu hoto, an rubuta 70 da 700 a jikinsa. Akwai 'yan gilasai biyu da ake sa wa a gindinsa a leƙa, ɗaya an rubuta 20, ɗaya 10. Sa'an nan akwai wani ɗan ƙaramin bututu da bai fi taƙi ɗaya ba, a goye a bayan babban kamar jariri, an rubuta 6x30.

Da na isa gida na fara leƙa ƙaramin. Me zan gani? Duniya a kife, itacen darbejiyar ƙofar gidanmu saiwa a sama ganye a ƙasa, ga kuma wasu baƙaƙen zare biyu sun gicciye a tsakiya sun tare mini gani. Nan take na yanke masa hukunci, na ce ko dai ya lalace a hanya, ko kuwa abin wasan yara ne aka haɗo da shi. Na kwance shi na miƙa wa Autanmu, ya karɓa da tsalle ya fita. Na koma kan babban. Bayan na yi ta lalube, Allah Ya ba ni sa'a na faɗa kan katangar wani gida can nesa, na ga ƙadangare yana gyaɗa kai kamar a kan hancina. Shi ke nan, kai ya kumbura. Na aika wa Baba Tsoho cewa bana zai ga wata da idonsa, ya shirya. Shi kuwa ya gaya wa abokan hirarsa, su kuma suka gaya wa duniya.

Ranar Juma'a 28 ga Fabrairu, wadda ta zo daidai da 29 ga Sha'aban, na saɓa madubi a kafaɗa na nufi Tarauni, yara na bina. A yanzu ba a ganin gindin yamma daga ƙofar gidan Baba Tsoho, gine-gine sun tare, sai wani maƙwabcinsa mai bene ya ba mu izini muka hau sama. Aka riƙo tsoho a hankali har aka hau da shi. Rana ta faɗi wajen ƙarfe shida da rabi da 'yan mintoci, muka yi salla a nan, muka tashi, dattawa sun fi goma, yara kuwa ba a magana. Na kafa ƙafafu uku, na zaɓi gilashin da ya fi kusanto da abu, mai lamba 10, domin a ganina mafi ƙarfi shi ne mafi kyau. Na sunkuya na leƙa.

Babu kome sai toka-toka. Na juya dama, toka. Na juya hagu, toka. Na ɗaga sama, na yi ƙasa, sai ga bangon wani gida ya cika mini ido. Ban san inda bakin madubin yake kallo ba, ban kuma san inda na riga na duba da inda ban duba ba. Gumi ya karyo mini, ga dattawa sun yi shiru suna jira, ga wani yaro yana cewa a bayana, "Ko babu batir ne?" Na fi rubu'in sa'a ina wannan shara a sararin Allah. Can sai wani haske ya gilma. Na dawo da shi a hankali, na murɗa har ya fito tangaran. Wallahi jama'a, jinjiri ne sak, fari fat, ƙahoninsa biyu suna kallon sama, har ya fi wanda muke gani da ido girma. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba, "Ga shi! Ga wata!"

Wuri ya kaure da kabbara. Dattijo na farko ya leƙa ya ce tabbas shi ne, na biyu ya leƙa ya ce babu shakka. Har wani ya fara neman takalminsa zai tafi gidan mai unguwa, domin ka san yadda abin yake, daga mai unguwa sai dagaci, sai hakimi, sai fadar Sarki, daga nan labari ya wuce Sakkwato. Ana cikin haka sai Baba Tsoho ya ce, "Ku dakata. Ku kawo ni kusa da abin nan." Na ɗauka leƙawa zai yi, na shiga gyara masa tsayuwa. Ashe ba haka ba ne. Hannu ya sa ya shafa bututun tun daga gindi har baki, ya bi shi da hannun ya miƙa sama inda yake nunawa, ya ɗan yi shiru. Sa'an nan ya ce, "Kai ɗan boko, a ina rana ta faɗi?" Na kama hannunsa na nuna masa. Ya ce, "To, watan daren farko ba ya hawa can. Yana nan ƙasa-ƙasa a bayan uwarsa rana, bai fi dunƙulen hannu ɗaya ba, kuma ba ya daɗewa yake binta. Wannan da ka ɗaga wa baki ya kai dunƙule uku. Ku cire ido daga ƙarfen nan ku dubi inda yake nunawa, ku gaya mini abin da ke wurin."

Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Zara ce, tana ta ƙyalli abinta, kowa na ganinta tun ɗazu. Wani ya fashe da dariya, sauran suka kama. Mai neman takalmi ya zauna. Kafin mu koma neman na gaskiya lokaci ya ƙure, hazo ya rufe gindin yamma, muka sauko ba mu ga kome ba. Da dare muka ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, a rediyo, cewa an ga wata, gobe Asabar 1 ga Maris a tashi da azumi.

Wani zai ce to ai magana ta ƙare, tun da dai azumin aka ɗauka. Ni a wurina ba ta ƙare ba, daren nan ban yi barcin kirki ba. A fiƙihun da muka tashi a kai, shaidar adalai biyu tana tabbatar da tsayuwar wata. Ga dattawa biyu masu mutunci sun leƙa sun ce sun gani, ba su kuwa yi ƙarya ba, abin da na nuna musu suka faɗa. Da a ce ranar watan bai tsaya a ko'ina ba, da kuma babu makaho a cikinmu, da ni da madubina mun ɗora wa bayin Allah shaidar abin da ba shi ba. Lalle ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da gari ya waye na nufi gidan wani abokina da muka yi firamare tare, wanda yanzu yake karatun Fiziks. Na kwashe labari na gaya masa. Sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sa'an nan ya ce, "Mutumina, ina ɗan ƙaramin madubin da ke goye a bayansa?" Na ce yana wajen Auta. Ya ce, "To, ai idon ka cire ka ba yaro."

Ga bayanin da ya yi mini, na kuma bi na karanta daga baya na tabbatar. Masana suna auna sama da digiri, ba irin wanda muke wahalar nema a nan ba. Daga gindin sama zuwa tsakar ka digiri 90 ne. In ka miƙe hannu, dunƙulenka yana rufe wajen digiri 10, watau ma'aunin Baba Tsoho da na masana duk ɗaya ne. Wata kuwa, duk girman da muke ganin yana da shi, rabin digiri ne kawai. To, shi madubi, gwargwadon yadda ya kusanto da abu, gwargwadon yadda filin da yake nuna maka yake tsukewa. In ka raba 700 ɗin da ke jikin bututun da lambar gilashin leƙawa, za ka sami yawan kusantowar. Mai lamba 20 yana ba da ninki 35, mai lamba 10 ninki 70. A ninki 70 abin da nake gani na sama bai kai digiri ɗaya ba. Kamar mutum ne ya leƙa ta kafar karan dawa yana neman tsuntsu guda a sararin Kano. Bugu da ƙari, saman ba a tsaye take ba a wurinmu, domin juyawar ƙasa tana sa kome ya gusa yamma digiri 15 a kowace sa'a, watau cikin minti biyu wata ya matsa gwargwadon faɗin kansa. Ko ka kama abu, in ka tsaya surutu ya fice.

Wannan ita ce matsalar da aka yi ɗan ƙaramin domin ta. Lambar 6x30 tana nufin ninki 6 kawai yake kusantowa, faɗin gilashinsa kuma milimita 30. Da yake bai cika kusantowa ba, sai ya zama yana ganin fili mai faɗi, wajen digiri 7, watau wata goma sha huɗu a jere. Da shi ake fara nemo abu, a kawo shi daidai mahaɗar zaren nan biyu da na ce sun tare mini gani, sa'an nan a koma babban a tarar da shi yana jira. Kifewar da na gani kuwa ba lalacewa ba ce, haka gilashi yake juya hoto in ba a sa masa abin da zai miƙe shi ba, masu kallon taurari kuma ba su damu ba, tun da tauraro ba shi da kai ba shi da ƙafa. Da ɗan madubin nan yana wurinsa ranar Juma'a, da na ga Zara a cikinsa 'yar ɗigo mai haske, na san ba wata ba ce, domin wata ko a ninki 6 girmansa ba ya ɓuya.

Na ce to, ita Zara me ya mai da ita jinjiri? Ya ce ai dama haka take. Zara duniya ce kamar tamu, tana kewaya rana ta cikin da'irar da ta fi tamu kusa da ranar, ba ta da hasken kanta. In ta zo tsakaninmu da rana sai ta juyo mana bayanta mai duhu, mu ga gefe kaɗan, kamar dai yadda wata yake yi. A lokacin tana da nisan kilomita wajen miliyan 50 daga gare mu, shi kuwa wata nisansa wajen kilomita 384,000 ne. Mutumin Italiya nan Galileo shi ya fara ganin wannan sauye-sauyen kama na Zara a 1610, shekara biyu bayan an ƙago madubin hangen nesa a ƙasar Holan a 1608, ya kuma kafa hujja da shi cewa rana take kewayawa. Na ce a raina, ashe abin da ya ɗaukaka wani shi ya kunyata ni.

Karɓo ɗan madubi daga hannun Auta ma sai da aka yi ciniki. Ya ce, "Yaya, kyauta ka ba ni, kuma abokaina biya suke yi su ga mutane suna tafiya da ka." Sai da na yi alkawarin tsire bayan shan ruwa ya sake shi. Muka mai da shi mazauninsa. Abokina ya ce saura babban aikin, watau saiti, domin in ƙaramin yana kallon gabas babban yana kallon kudu, gara ma babu shi. Kuma da rana ake yi, tun ido na ganin gari. Bayan La'asar muka hau benen nan na Tarauni, muka zaɓi hasumiyar wani masallaci can nesa, domin abu na kusa yana ruɗin saiti. Muka sa gilashi mai lamba 20, muka lallaɓa har tsinin hasumiyar ya zo tsakiyar babban madubi, muka ɗaure shi tamau. Sa'an nan na koma ƙaramin, na tarar tsinin yana can gefe. Akwai 'yan notuna uku da ke riƙe da shi, na riƙa sassauta wannan ina matse wancan, har tsinin ya hau mahaɗar zare. Muka canja zuwa mai lamba 10 muka ƙara gyarawa. Duka aikin bai fi minti goma ba.

Da aka sha ruwa aka yi salla, na je na durƙusa gaban Baba Tsoho na ce ya zo mu koma. Ya ce, "Yau kuma wace matar za ka aura mini?" Amma ya miƙo hannu. Wannan karon mu huɗu ne kawai, da shi da ni da abokina da Auta. Watan kwana biyu yana nan a sarari, kowa na ganinsa, Zara na daga damansa ta ɗan fi shi bisa, tsakaninsu bai kai dunƙule ɗaya ba. Na sa ido a ƙaramin, na kawo wata kan zare, ban ƙirga goma ba. Na leƙa babban, sai ga shi ya cika ido, gefensa duk ramuka da tuddai kamar bangon da damina ta ci.

Na kawo Baba Tsoho na sa idonsa na dama a gilashi. Ya ce ba ya ganin kome. Ashe kafin ya gama gyara tsayuwa ya ture bututun da kafaɗa. Na mai da shi, ya sake leƙawa, ya ce haske ne kawai a dame. Abokina ya ce in bar shi ya murɗa da kansa, domin kowane ido da inda yake tsayawa. Na ɗora yatsunsa a kan abin murɗawa. Sai muka zama mu biyu a kan madubi ɗaya, shi idonsa a babban, ni nawa a ƙaramin, hularsa tana gugar kunnena, in wata ya gusa daga kan zare in ɗan taɓa in dawo da shi. Can sai na ji hannunsa ya tsaya. Ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan na ji yana karanta addu'ar ganin wata a hankali, wadda rabon da in ji ta a bakinsa tun kafin ciwon idon. Ya ce ba tangaran yake ganinsa ba, kamar ta bayan mayafi ne, amma ga ƙahoni biyu, shi ne.

Da ya huta na ce bari in nuna masa wadda ta yaudare ni. Na juya kan Zara. Ya leƙa ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Shekara sittin ina kallon baiwar Allah nan, ban san ta ɗauko kamar mijinta ba. Ɗan boko, na yafe maka rabin laifinka." Sa'an nan ya lalubo ƙaramin madubin ya ce, "Wannan fa mene ne sunansa?" Abokina ya faɗi sunan da Turanci, ya ce ma'anarsa mai nemowa. Tsoho ya ce a gaya masa aikinsa. Da aka gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "Ashe ɗan jagora ne. Babban ga ƙarfi ga girma, amma bai san hanya ba, sai yaro ya riƙe masa sanda. Ai ni na fi kowa sanin wannan."

Tun daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba. Na kuma gano cewa 'yan jagora iri-iri ne. Akwai manya masu lamba 8x50 ko 9x50, waɗanda suke tara haske da yawa, su nuna taurarin da ido ba ya gani, abin da ke da amfani ƙwarai a gari irin Kano inda fitilu da ƙura suka dushe sama. Akwai masu lanƙwasa da ke miƙe hoto, su hutar da wuya. Akwai kuma waɗanda ba sa kusanto da kome, sai dai su ɗora ɗan jan ɗigo a kan gilashi, ka buɗe ido biyu ka kai ɗigon kan tauraron da kake so. Wani irinsu mai suna Telrad da'ira uku yake zanawa, ta rabin digiri da ta digiri 2 da ta digiri 4. A waya ma akwai manhaja irin su Stellarium da za ta gaya maka inda wata zai tsaya da lokacin faɗuwarsa. Amma duk wanda ka samu, sai ka saita shi da babban, kuma ka riƙa duba saitin duk lokacin da ka ɗauki madubin daga wuri zuwa wuri. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada a kuskura a dubi rana da babban ko da ƙaramin, ko na ƙiftawar ido, domin makanta ce nan take. Mai neman jinjiri ya jira sai rana ta faɗi sarai, kuma kada a bar madubi a hannun yara da rana.

Abin da ya sa na kawo wannan labari cikin mujallarmu, ban da neman sauke kunya, shi ne maganar suna. Na duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ban tarar da sunan wannan ɗan madubi ba, ba kuwa laifinsu ba ne, tun da abin bai shigo hannun jama'a ba. Amma yana shigowa. Masu duban wata sun fara amfani da na'urori, yara kuma suna ganinsu a waya suna tambaya. Ilmin sama ba baƙonmu ba ne. Ƙasar nan ta fitar da irin su Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ta kuma fitar da dubban tsofaffi irin Baba Tsoho waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Da ni aka bar wa naɗin sunan, da na zauna na ƙago wani dogon abu kamar "ƙaramar na'urar taimaka wa babbar na'urar hangen nesa", wanda ba mai iya faɗinsa sau biyu. Tsoho ya ji aikin abin sau ɗaya ya ba shi suna daga cikin rayuwarsa, duk Bahaushen da ya ji kuwa ya gane. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai su auna wannan suna, in ya yi a karɓa, in akwai wanda ya fi shi a kawo. Ina kuma roƙon duk mai kaka a gida ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya tambaye shi sunayen taurari da lokutansu, domin kowace shekara masu sanin suna raguwa, saman birni kuma tana ƙara dushewa.

Zara ta ɓace daga yamma tun azumin bai ƙare ba. Bayan Salla sai ga ta ta ɓullo a gabas da asuba, inda muke kiranta Gamzaki. Na je na gaya wa Baba Tsoho cewa masana sun ce Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, ina jiran ya yi musu. Ya ce shi ya daɗe da lura ba a taɓa ganinsu rana ɗaya a sama tare, wannan na yamma wancan na gabas. Sa'an nan ya yi shiru, can ya ce, "Wai aikin idon nan, kwana nawa ake yi a asibiti?" Na ce yawanci ba a ma kwana. Ya ce to zai yi shawara. Har yanzu shawarar yake yi, ni kuma duk ranar 29 ina saɓa madubi in nufi Tarauni tun La'asar, in saita ɗan jagora a kan hasumiya kafin rana ta faɗi. Allah Ya ba shi lafiya, mu kuma Ya tsare mu da shaidar abin da ba mu tabbatar ba, amin.